Ina ya kamata in ɗaura famfon mai na lantarki a jirgin da nake haɗawa da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, kuma shekara uku ke nan ina haɗa ƙaramin jirgin sama samfurin RV-7A a garejin gidana. Injinsa Lycoming O-360 ne mai kafireto, ƙarfin doki 180. Yanzu na iso kan layin mai, kuma abubuwa uku sun ɗaure mini kai. Tunda injin yana da famfonsa na kansa, dole ne sai na ƙara na lantarki? In dole ne, zan iya ɗaura shi ta ɓangaren inji, a jikin katangar wuta, wato bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zama, domin hankalina bai kwanta da fetur a gindin ƙafafuna ba? Sannan wani abokina ya ba ni famfo kyauta, kusan sabo, wanda ya cire daga jirginsa mai injekta. Ko zai yi mini aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, Allah ya nuna mana ranar tashinsa lafiya. Jirgin nan naka ma yana da dangi a gida, ko ka sani? Air Beetle, jirgin koyon tuƙin nan da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin sojojin saman Najeriya, daga tsarin RV-6A aka samo shi, wato yayan naka, kuma shi ma O-360 ne a hancinsa.

Amsoshin a taƙaice: na farko e, dole ne. Na biyu a'a, kada ka kai shi ɓangaren inji. Na uku kuwa, ka mayar wa abokinka famfonsa tare da godiya. Ga dalilai.

Jirgi mai fuka-fuki a sama, irin su Cessna 152, tankunansa suna bisa kan inji, saboda haka mai yana gangarowa da kansa zuwa kafireto kamar ruwan tankin da aka ɗora a kan rufi. Naka fuka-fukinsa a ƙasa suke. Galan 42 ɗin da ke cikinsu, 21 a kowane ɓangare, ba su da hanyar hawa zuwa inji sai an ɗaga su, musamman lokacin da hancin jirgin ke sama. Famfon da ke jikin Lycoming ɗinka mai fatar roba ne, wani ɗan sanda ne daga bayan inji yake tura shi yana sakewa. Yana da juriya, amma fata takan yage, ƙananan bawul ɗinsa sukan gaji. Ranar da ya tsaya kana cikin hawa da cikakken totur, abin da ya rage maka shi ne ɗan man da ke cikin kofin kafireto, wanda ba zai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Shi ya sa dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, suka daɗe suna wajabta wa jiragen kamfani masu irin wannan tsari famfo na biyu, wanda ƙarfin da ke tuƙa shi bai dogara da na farko ba. Kai da kake rukunin jiragen gwaji na haɗin gida, wannan doka ba ta ɗaure ka ba, amma ai faɗowa ba ta duba takardar rajista. Ni ina kiransa famfon ɗauki, domin aikinsa ke nan. Yana kuma cika kafireto kafin ka tayar da inji, yana kuma korar tururi daga layi, wanda shi ne ainihin maganar da nake so mu zauna a kanta.

In ka taɓa zuwa fadama lokacin noman rani, ka ga inda manomi ke ajiye injin ban-ruwa. Ba ya kai shi tsakiyar gona ya ja doguwar mesa zuwa rafi. A bakin ruwan yake girke shi, mesar zuƙa gajera, mesar turawa kuwa ko taku ɗari ne ba damuwa. Kuma kowane manomi ya san cewa ɗan ƙaramin tsaguwa a mesar zuƙa ya isa ya sa inji ya yi ta kuka babu ɗigon ruwa, alhali huji a mesar turawa tsartuwa kawai zai yi, ruwa na tafiya. Famfon jirgi ma haka yake: gwanin turawa ne, rago ne wajen zuƙa. Sai dai abin da yake zuƙa ya fi ruwa rashin haƙuri nesa ba kusa ba.

Fetur gauraye ne na sinadarai da yawa, kuma masu sauƙin cikinsu suna fara tafasa a zafin da bai kai rabin na tafasar ruwa ba. Abu biyu ke gaggauta wannan tafasa: zafi da raguwar matsi. Duk inda famfo yake zuƙa, matsin da ke cikin bututun da ke gabansa yana raguwa. Kowace kwana, kowane filta, kowane inci na hawa da man zai yi kafin ya iso bakin famfo, ƙara rage matsin yake. Ga kuma tsawon sama: a ƙafa 8,000 matsin iska kusan kashi uku cikin huɗu ne na wanda ke bakin teku. In waɗannan suka haɗu, sai man ya fara kumfa a cikin bututu, famfo ya koma bugun tururi, allurar geji ta yi ta rawa, inji ya fara tari. Fetur ɗin jirgi, 100LL mai launin shuɗi, an ƙayyade ƙarfin tururinsa tsakanin psi 5.5 da 7 (psi ma'aunin matsi ne). Na mota kuwa a Amurka yana iya kaiwa kusan ninki biyun haka a gaurayen lokacin sanyi.

To yanzu ka dubi wurin da kake son kai famfon. Katangar wuta ta ɓangaren inji wuri ne mai tsananin zafi, kuma mai nisa daga tanki. Ka ɗauka watan Yuli ne a Texas, ka sauka a wani ƙaramin fili, ka kashe inji, ka shiga ka sha ruwa na minti ashirin. Iska ta daina ratsa murfin inji, zafin silinda da na salansa ya taru a ciki, duk wani ƙarfe da ke wurin ya ɗauka, har da famfonka da man da ke cikinsa. Ka dawo, ka tayar, ka yi layi a bayan jirage biyu inji na aiki a hankali, mai na tafiya kaɗan-kaɗan yana ƙara dahuwa. Lokacin da ka tura totur gaba ɗaya, inji zai nemi mai ninki da yawa a take. Famfon inji yana fama da tururi. Famfon da ka ajiye domin ya kawo masa ɗauki shi ma yana cikin tanderu guda da shi, yana zuƙo mai ta doguwar hanya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amma in famfon yana ƙasa a cikin jirgi, a wuri mai sanyi, kusa da makunnin zaɓen tanki, mai yana zuwa masa kusan da kansa, shi kuma yana tura shi gaba da matsi. Man da ke ƙarƙashin matsi ba ya saurin tafasa, ko da ya ratsa ta wuri mai zafi.

Na fahimci tsoronka game da fetur a wurin zama, kuma ba tsoron banza ba ne. Sai dai ka tuna, ko ka kai famfon gaba ko ba ka kai ba, mai zai bi ta nan. Bututan fuka-fukan biyu cikin jirgin suke shigowa, makunnin zaɓen tanki yana tsakaninka da fasinja, daga nan kuma layi ya miƙe zuwa katangar wuta. Abin da famfon ya ƙara mahaɗa biyu ne kawai. Maganin wannan shi ne ka yi mahaɗan da kyau, ba ka kai famfon inda ba zai yi amfani ba. Zanen da kamfanin Van's, mai tsara jiragen RV, ya ba ka ya riga ya nuna gurbinsa a ƙasa, gaban makunnin tanki, ƙarƙashin murfin da ke tsakiya. Dubban jirage suna tashi da wannan tsari. A wurin fenti da kujeru da allon na'urori ka nuna fasaharka yadda kake so. A layin mai kuwa, ni dai ban ga abin kunya ba in mutum ya kwaikwayi abin da aka riga aka gwada.

Jerin yakan kasance haka: ragar da ke bakin bututun cikin tanki, makunnin tanki, filta, famfon lantarki, katangar wuta, kofin tace ruwa in kana da shi, famfon inji, sannan kafireto. Ka lura famfunan biyu a layi ɗaya suke, ɗaya bayan ɗaya. Ma'anar wannan ita ce a mafi yawan lokacin tafiyarka, famfon lantarki a kashe yake, kuma famfon inji ta cikinsa yake zuƙo mai. Saboda haka sharaɗi na farko ga duk famfon da za ka saya shi ne ya bar mai ya wuce cikin sauƙi alhali ba a ba shi wuta ba. Akwai famfunan kamfanin Facet da aka yi domin janareto da manyan motoci, kamanninsu ɗaya da na jirgi, amma a cikinsu akwai bawul da ke rufe hanya da zarar an kashe su. Lambar da ke jiki ce kawai ta bambanta su. Kafin ka ɗaura sabon famfo, tun bai taɓa ganin fetur ba, ka sa tiyo mai tsabta a mashigarsa ka hura. Iska ta fita ta gaba ba tare da ka yi yunƙuri ba. Ka juya ka hura ta mafita, ka ji ta ƙi ko ta yi nauyi sosai. Gwajin minti ɗaya ne.

Sai kyautar abokinka. Lycoming mai kafireto irin naka yana son matsin mai a bakin kafireto tsakanin psi 0.5 da psi 8, kuma psi 3 ne abin da kamfanin ya fi so. IO-360 mai injekta kuwa yana neman tsakanin 14 da 45, kuma famfunan lantarki da ake yi masa sukan ba da abin da ya haura 25. A cikin kafireto ɗan fulot ne da allura ke tare mai in kofi ya cika, kuma ba a yi su domin su tare irin wannan ƙarfi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe babur ya san oba-fulo: mai na zuba ta ƙasan kafireto, inji na shaƙewa. A babur sai ka tsaya gefen titi ka ƙwanƙwasa kofin da gindin sukundireba. A O-360 kafireton yana ƙarƙashin inji, maƙwabcin bututan salansa, kuma lokacin da za ka kunna famfon shi ne lokacin tashi da sauka. Ana iya sa na'urar rage matsi da layin mayar da mai tanki, amma ka ƙara sassa uku ko huɗu da za su iya lalacewa domin kawai ka yi amfani da kyauta. Araha ba ta ado. Ka kuma sani, yawancin famfuna masu ƙarfin matsi toshe hanya suke yi in an kashe su, shi ya sa irin waɗanda Airflow Performance da Andair ke sayarwa suke zuwa da hanyar ratse mai bawul ɗinta. In abokinka famfon kawai ya ciro ya bar wancan sashe a jirginsa, haɗarin ya zama biyu.

Wanda ya dace da kai shi ne ɗan ƙaramin Facet mai siffar akwatin ashana babba, lamba 40108, wanda masu haɗa RV mai kafireto suka daɗe suna amfani da shi. Yana ba da psi 4.5 zuwa 6, da kimanin galan 30 a awa in bakinsa a buɗe yake, kuma bakunansa sun zo daidai da mahaɗan jirgi na inci 3/8. Masu yin sa suna ba da shawarar a karkata shi digiri 45, mafita tana kallon sama, domin duk kumfar da ta shiga ta samu hanyar ficewa maimakon ta maƙale a ciki. Suna kuma son filta a gabansa mai tacewar maikiron 74 (maikiron ma'aunin girman idon filta ne, ƙaramar lamba na nufin matsatstsen ido). Kada ka ce bari ka fi su tsabta ka sa filtar takarda ta mota mai maikiron 10 a wannan wuri. Filta mai matsatstsen ido a ɓangaren zuƙa ita ce babbar mai haddasa tururin da muke gudu, kuma takarda takan kumbura in ta sha ruwa. Ka nemi mai ragar ƙarfe, mai faɗi, wadda ake buɗewa a wanke. Ka kuma ɗaura ta inda hannunka zai kai ba sai ka kwance rabin jirgi ba. Filtar da ake shan wahala kafin a kai gare ta, a shekara ta biyu an daina duba ta. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Bari in ba ka labarin wani aiki da ya ci mini yini biyu. Wani mai haɗa jirgi ya kira ni, ya ce famfonsa sabo ne amma ba ya yin shiru. Shi Facet in ka kunna shi layi babu mai, ƙararsa da ƙarfi take, kat-kat-kat da sauri, da zarar ya cika sai ta koma ƙasa-ƙasa, a hankali. Nasa kuwa sai ya lafa, ya sake tashi, ya lafa, allurar geji tana kai-komo tsakanin 2 da 5. Ya riga ya canza famfo sau ɗaya. Mun duba ko'ina babu ɗigo, babu wari, babu shuɗin tabon da 100LL kan bari in ya bushe. Sai da na sa guntun tiyo mai garai-garai tsakanin filta da famfo na ɗan lokaci, muka ga ƙananan kumfa suna wucewa a jere kamar carbi. Da na kwance notin da ke mafitar makunnin tanki na ɗaga bakin bututun zuwa haske, sai ga zobe siriri guda ɗaya yana ƙyalli a can gefen baki, sauran fuskar ba ta taɓa komai ba. Ya buɗa bakin bututun da abin aikin da ya saya a shagon kayan mota. Na mota digiri 45 yake buɗawa, mahaɗan jirgi kuwa, waɗanda ake kira AN, digiri 37 ne. A ido duk bakin algaita ne, amma ba sa zama a kan juna. Kuma da yake wurin ɓangaren zuƙa ne, mai ba ya fita, iska ce ke shiga. Duk bakunan da ya yi da wannan abu sai da muka yanke muka sake.

Saboda haka ka sayi mabuɗin baki na digiri 37, ka ɓata guntayen bututu goma kana koyo kafin ka taɓa na gaske. Ka goge bakin yankan ya yi sumul kafin ka buɗa, in ba haka ba zai tsage. Bututun alminiyam mai laushi na inci 3/8 shi ne daidai da injinka. Ka lanƙwasa shi da malanƙwashi, a hankali, maimakon ka jera mahaɗai masu kwana digiri 90, musamman kafin famfo. Littafin AC 43.13-1B na FAA ya ba da ƙarfin ɗaurin notin wannan girma a kan alminiyam, inci-fam 110 zuwa 130. Wuce haka murƙushe bakin yake yi. Bututun kuma ya zauna a gurbinsa da kansa kafin ka ɗaura noti. In sai ka janyo shi da ƙarfi ya kai, girgiza za ta tsaga shi wata rana daidai gindin bakin. A kan bakin algaita ba a shafa komai. A mahaɗai masu zaren fayif kuwa, inda ake buƙatar abin toshewa, ka shafa man toshewa da fetur ba ya narkarwa, ka tsallake zare biyun farko. Farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa kada ya kusanci jirginka. Yakan yage siriri-siriri, ya bi mai, ya je ya kwanta a ƙarƙashin allurar kafireto ko bawul ɗin famfo.

Daga katangar wuta zuwa gaba dokar ta canza, domin inji yana motsi a kan robobinsa, jikin jirgi kuwa ba ya yi. Mahaɗin da ya ratsa katangar ya zama na ƙarfe, daga nan zuwa famfon inji tiyon jirgi mai lanƙwasuwa, sanye da rigar kariya daga wuta, nesa da salansa. Famfon inji yana da ɗan ƙaramin baki na zubarwa: ka ja masa siririn bututu ya fita ƙasan jirgi, domin ranar da fatarsa ta yage man ya zuba waje, kai ma ka gani. Na'urar auna matsi bayan famfon inji take, kusa da kafireto, kuma a bakin layinta a sa mahaɗi mai ƙaramin huji ta yadda in layin ya fashe ba zai yi feshi ba. In kana da na'urar auna gudun mai, kada ka liƙa ta a bakin famfon lantarki. Bugun famfon yana ruɗa ta, sai ta riƙa nuna maka kana shan man da ba ka sha ba.

Wutar lantarkin ba ta da wuya. Facet ɗin ba ya jan abin da ya kai amfiya 2, saboda haka wayar jirgi lamba 18 da fis ko bireka na amfiya 5 sun wadatar. Abin da nake dagewa a kai shi ne fis ɗin ya zama nasa shi kaɗai. Kada fitilar sauka ta ƙone fis ta tafi da famfonka. Wayar komawa ka kai ta wurin da sauran wayoyin ke haɗuwa, kada ka dogara da kusoshin da suka riƙe famfon a kan fenti. Wayoyi su bi ta sama da bututun mai, da tazarar inci 6 inda hali ya yi, kuma kada ka taɓa ɗaure waya a jikin bututu.

Makunnin kuwa ka sa shi kusa da totur, inda yatsanka zai same shi ido a rufe, kuma siffarsa ta bambanta da na maƙwabtansa. Ƙaramar fitila da ke nuna yana kunne tana da amfani, domin da inji ya tashi ba za ka ƙara jin ƙarar famfon ba. Wannan maganar isa da hannu ba ƙarama ba ce. A watan Oktoba na 1997 wani jirgin haɗin gida samfurin Long-EZ ya faɗa teku a gaɓar Monterey ta California, matuƙinsa ya rasu. Wanda ya haɗa jirgin tun farko ya ɗauke makunnin tanki daga inda zane ya nuna, ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, da nufin kada bututun mai ya ratsa wurin zama. Masu bincike sun gano cewa sai mutum ya juya jikinsa kafin ya kai gare shi, kuma a wannan juyawar ƙafa takan danne fedar dama, wadda ke karkata hancin jirgi zuwa dama. Niyyar mai haɗin irin taka ce, Malam.

In ka gama ɗauri, saura gwaji, kuma geji ba ya wadatarwa. Geji matsi yake nunawa, bututun da ya kusa toshewa ma zai nuna maka psi 5 lafiya lau muddin mai ba ya gudu. Abin da kake son sani shi ne lita nawa ke fita a minti. A 2012 hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta fitar da nazari a kan jiragen haɗin gida, inda ta nuna cewa mutuwar inji tana cikin manyan abubuwan da ke kayar da su, har ta ba FAA shawarar a wajabta gwajin layin mai kafin a ba jirgi takardar tashi. Littafin gwajin tashi na FAA, AC 90-89, ya ba da lissafin: tsarin da mai ke gangarowa da kansa ya ba da kashi 150 cikin ɗari na abin da inji ke sha a cikakken totur, mai famfo kuma kashi 125. Ana ɗaukar nauyin fam 0.55 na mai ga kowane ƙarfin doki a awa. Naka 180 sau 0.55 ya ba da fam 99, ka ƙara rubu'i ya zama kusan 124, ka raba da 6 tunda galan ɗaya fam 6 ne, ka samu galan 20.6 a awa. Wato lita 78 a awa, ko lita 1.3 a kowane minti.

Ka fitar da jirgin fili, ba cikin gareji ba. Ka ɗaga hancinsa, ko ka saukar da wutsiya, har ya wuce kusurwar hawa mafi tsanani da kake sa rai da digiri 5. Ka zuba mai kaɗan a tanki, galan biyu ko uku, domin tanki cike yana ɓoye aibi. Ka kwance tiyo a bakin kafireto, ka riƙe bakinsa a daidai tsayin da yake zama, ka sa shi cikin jarkar da ka riga ka yi wa alamar lita. Ka haɗa jarkar da jikin jirgi da ƙasa da waya saboda tartsatsi, mutum na biyu yana tsaye da abin kashe gobara. Ka kunna famfo, ka duba agogo. Kyawun wannan gwaji shi ne man yana ratsawa ta cikin famfon inji alhali a tsaye yake, daidai da halin da za ka shiga ranar da ya mutu a sama. Ka yi tankin hagu, ka yi na dama, ka rubuta. Ka bar shi ya ci gaba har ƙarar famfon ta canza ya fara tofar da iska, abin da ya rage a tankin shi ne man da ba naka ba ne a lissafin tafiya. In ka samu lita 1.4 kada ka yi murna, domin bakin tiyo a buɗe yake babu abin da ke tare shi. Layi mai lafiya da wannan famfo ya kamata ya wuce ƙa'idar da rata mai kyau. In ya tsaya a bakin iyaka, akwai abin da ya matse a wani wuri, ka nemo shi.

Sai gwajin kishiyarsa, bayan inji ya fara aiki: jirgi a ɗaure da igiya, cikakken totur na ɗan lokaci, famfon lantarki a kashe. Matsin ya tsaya cikin iyaka. Ka kunna, allura ta ɗan ɗaga, sautin inji kada ya canza. In matsin yana zubewa a hankali a tanki ɗaya kawai, kafin ka zargi famfo ka duba bututun numfashin tankin. Mai ba ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, kuma zanzaron Texas bai bambanta da namu ba wajen son ƙaramin rami. Yini ɗaya ya ishe shi ya cika bakin bututun da laka. Ka sa 'yar raga a bakin, ka kuma riƙa leƙawa kafin kowane tashi.

A sama, ƙa'idar injinka ita ce famfo a kunne lokacin tashi, lokacin sauka, lokacin canza tanki, da duk lokacin da matsi ya faɗi ko inji ya yi tari. Kafin tashi, ka tayar da inji ka yi tafiyar ƙasa famfon a kashe, domin ka tabbatar na inji yana aiki shi kaɗai, sai ka kunna a bakin titi. Bayan tashi kada ka kashe sai ka kai tsayin da in inji ya tsaya kana da zaɓin wurin sauka, kuma in ka kashe, yatsanka ya zauna a kan makunnin idonka a kan geji na 'yan daƙiƙoƙi. Kada ka ɗauki wannan ɗabi'a ka shiga da ita kowane jirgi. A injinan Continental masu injekta, irin na jirgin Bonanza, kunna famfon da ƙarfi alhali na inji lafiyarsa lau yana iya shaƙe injin da mai, shi ya sa su a kashe suke tashi.

Ban ji ka ambaci irin man da za ka riƙa sha ba. In kana tunanin na mota saboda sauƙin kuɗi, ka sani yawancin na gidajen mai a Amurka yana da kashi 10 na etanol, wanda ke jan ruwa, yana cin wasu robobi, yana kuma ƙara saurin tururi. Ka yi awoyin gwajinka na farko da 100LL tukuna. A cikin waɗannan awoyi ka buɗe filtar bayan tayar da inji na farko, ka sake buɗewa bayan awa biyar, sannan bayan goma. Sabon tanki yakan saki ɓarɓashin alminiyam da guntayen baƙin man toshewar da ka shafa a haƙarƙarinsa, komai wankin da ka yi masa. Ka juye abin da ka samu a kan farar takarda, ka ɗauki hotonsa, ka kwatanta da na buɗewar da ta gabata. In yana raguwa, ka ƙara tazara tsakanin dubawa. In bai ragu ba, ka sauke man tankunan ta cikin kyalle mai tsabta, ka ɗauraye su, kafin ka sake tashi.